Shafin da Mushe Bai Gani Ba

Shekarar da aka kawo wa kolejinmu na Agadas tabilet, babu mai rawar kai kamar ni. Ina koyar da Faransanci, sabuwar malama ce, yatsana kuma ya saba da waya. Mu biyu ke riƙe da darasin, ni da wani dattijo da kowa ke kira Mushe kawai, wato Malam da Faransanci, wanda ya koya mini karatu tun ina ƙarama. Shi nasa tabilet ɗin naɗe shi ya yi a tsumma, ya kulle a akwati.

Abin ya ba ni haushi. Mutumin da ke kawo shafi guda da ka, ko tuntuɓe babu, wai ɗan gilashi ne zai gagare shi? Na ce girman kai ne. Dama bai taɓa karɓar takardun yara ya tafi da su gida ba. Kowa sai ya miƙe ya karanta aikinsa da ƙarfi, shi yana jingine da taga yana gyarawa. Na kira wannan ƙyuya a wurin shan shayin malamai, aka yi dariya, na ji daɗi.

Sai aka ce insifekta zai zo ya ga yadda muke aiki da na'urorin, wanda bai iya ba kuma za a cire shi daga aji. Kaɗan ya rage wa Mushe ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ba wanda ya aike ni, na ce ni zan cece shi.

Ranar, insifekta na zaune a bayan ajin na shiga. Na buɗe wa yara wani sabon labari a kan tabilet ɗinsu, na buɗe shi a nawa, na danƙa wa Mushe a gaban kowa. Na ce, "Mushe, karanta musu kawai, babu wuya."

Ya riƙe abin da hannu biyu. Ya gyara rawaninsa, ya fara karatu da muryar nan tasa mai kauri, tiryan-tiryan. Sai da ya yi layi uku na gane ba abin da ke kan gilashin yake karantawa ba. Wani shafi ne na tsohon littafinmu. Na dubi yaran, duk sun sunkuyar da kai suna bin rubutun da yatsa, kamar komai daidai yake. Insifekta ya taso ya leƙa ta kafaɗar Mushe, ya daɗe a tsaye. A nan na fahimci idon Mushe ya tafi, kuma ba yau ba.

Kafin sati ya zagayo an hutar da shi daga aji.

Na je gidansa da rana tsaka, kunya kamar ta kashe ni. Ya gane ni da sallamata, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"'Yata, yaran nan sun daɗe da sani, suka rufa mini asiri. Ke da kika ga na ɓoye tabilet ɗin, ai sai ki same ni a gefe ki tambaye ni ko lafiya."

Sai ya tambaye ni wa aka ba ajinsa, dole na ce masa ni ce.