Na Hana Baba Zuwa Bobi Ina Jiran Magani

A wancan lokacin ina da shagon maganin dabbobi a kasuwar Kontagora, kuma ni mutum ne mai ji da kansa. A wurina kowace cuta da kwalbarta. Saniya ta kwanta, in tsira mata allura, kwana uku ta miƙe. Da wannan tunanin na tarbi ciwon mahaifina lokacin da ya fara mantuwa: ya yi alwala ya sake yi, ya ci tuwo ya ce an bar shi da yunwa.

Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ke lalacewa a hankali, kuma ƙwayoyin da ake da su sassauci kawai suke kawowa. Da na matsa mata, sai ta ce masana na ta neman wani ɗan ƙanƙanin sinadari da zai iya kutsawa cikin ƙwaƙwalwa ya tsayar da cutar, amma sai an gwada a ɓeraye, sannan a mutane, shekara da shekaru, kuma yawancin irin waɗannan magungunan a hanya suke faɗuwa. Wallahi duk bayanin nan abu ɗaya kunnena ya ɗauka: magani na tafe.

Baba yana da ƙane a Bobi, Baffana. Sun daɗe ba sa ga maciji, tun wata baƙar magana da Baba ya gaya masa a gaban 'ya'yansa. Sai ga Baba kullum yana cewa in kai shi Bobi ya nemi gafara. Ni kuwa na ɗauka maimaicin ciwo ne, ga kuma kunya, ba na son a gan shi a ruga yana sa hula a baibai. Nakan lallashe shi da cewa ya bari ya warware tukuna. Matata ta ce in ji tsoron Allah, tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Na ce mata ba ta san harkar magani ba. Damina biyu ina lalube a waya, ina karanta labarin ɓerayen da suka tuna hanya.

Ƙarshe Baffa ya ji labari ya zo da ƙafarsa. Baba ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo wa baƙo ruwa. Da ya ji daga Bobi yake, sai ya kama hannunsa ya roƙe shi don Allah ya kai saƙo: yana da ƙane a can wanda ya ɓata wa, a ce ya yafe masa. Baffa yana hawaye ya ce ya yafe, sau uku. Baba ya yi godiya, ya ce amma ya fi son ya ji daga bakin mai shi.

Har ya rasu yana jiran amsar. Ina yi wa masu binciken nan addu'a, Allah ya ba su sa'a, aikinsu na haƙuri ne. Ni ne ban fahimta ba. 'Yan'uwa, in dattijonku ya fara mantuwa, ku kai shi asibiti, amma abin da yake nanatawa ku saurara, ku yi masa tun yana gane fuska. Ni dai ban san wa zan aika ya nemo mini gafarar Baba ba.