Barewar Alhasan Mai Agashe

Duk wanda ya ci kasuwar Abu Na'ama a shekarun nan ya san Alhasan mai agashe, wato tsiren da kakanninmu suka zo da shi daga Sakkwato har Larabawa suka ɗanɗana suka kasa bari. Gajere ne, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Masu agashe da yawa a kasuwar, amma shi kaɗai ake kira Mai Barewa, domin ran Laraba yakan rage murya ya ce wa mai saye, "Wanga na dajin Dindir ne, ci ka yi shiru."

Alhali kuwa Alhasan ko ɓera bai taɓa harba ba. Barewar tasa akuya ce, matarsa Talatu ke kiwonta a bayan ɗaki da harawa da dussa. Shi dai ya iya yanka sirara, ya iya yaji, ya iya zance. Sunan nan na Mai Barewa kuwa ya fi son shi da tukubarsa.

Ana nan sai ga wata yarinya daga Khartum, Ilham, jikar mutanen garin Rufa'a, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Tana bin kasuwanni da 'yan kwalabe, tana roƙon ɗan guntun ɗanyen nama. Ta ce masana na ƙasashe da yawa ne suka haɗa kai suna tara shaidar kowace dabba, sakamakon kuma har ƙasar Turawa yake zuwa da sunan mai naman.

"Baba, kowace dabba tana da tata alama cikin tsoka, kamar askar fuska. DNA ake ce mata. Ko an yanka an gasa, na'ura za ta faɗi dabbar."

Alhasan ya yi dariya ya yanko mata daga naman barewar tasa. A ransa cewa ya yi, na'urar da ba ta da harshe, ina za ta san ɗanɗano? Sai da ya koma gida ya ba Talatu labari, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka kai kanka. In ta ce barewa, masu gadin daji su ɗaure ka. In ta ce akuya, kasuwa ta ɗaure ka." Ranar ko shayi bai shiga cikinsa ba, tsoro ya kama shi sosai.

Bayan damina Ilham ta dawo, tare da wani jami'in gandun daji, kuma ran Laraba, benci cike da dattawa. Baiwar Allah, ta ɗauka albishir ta kawo.

"Baba, mabruk, ba ka da laifi. Akuya ce."

Alhasan ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Sai Abdussalami tela ya miƙe, mutumin da ya shekara da shekaru yana rantsuwa cewa ko ido rufe ya san barewa da akuya.

"Yarinya, na'urarku ta lalace. Ni za a gaya wa barewa?"

Nan take benci ya ɗauka. Wannan ya ce ya ji ƙamshin ciyawar daji, wancan ya ce har ciwon gwiwarsa ya tafi. To, wa zai yarda ya yi shekaru yana lashe yatsa a kan akuya yana cika baki?

Jami'in ya gyara hula ya ce, "Tamam. Tunda ga shaidu, sai mu tafi ofis. Haj Alhasan, barewa ce ko akuya?"

Alhasan ya dubi dattawa, ya dubi motar jami'in. Ya juya tsinke a kan wuta, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, wurin hukuma akuya ce. In ta shiga baki kuma, kowa da bakinsa."

Jami'in ya ƙunshe dariya, ya sayi tsinke biyu, shi da Ilham suka tafi. Dattawa suka yi ta yaba wayon Mai Barewa da ya ruɗe hukuma da na'ura gaba ɗaya.

Da yamma ya shiga gida yana taƙama, ya tarar da Talatu tana zuba wa awaki dussa. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na ji labari. Sunanka ya kai ƙasar Turawa, na akuyata ma ya kai. Ni da ke kiwon barewar, ko a Abu Na'ama ba wanda ya san nawa."