Ciwona Ba Ya Son Tafinta

Turancina ba na makaranta ba ne. A kasuwar Illela na tsince shi, ina da jikoki, kuma haushi ne ya sa ni.

Likitan asibitin da muke zuwa ɗan Kudu ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Sai aka ajiye masa tafinta, wani maƙwabcinmu da bakinsa ba ya riƙe magana. Abin da kika faɗa da hantsi, kafin la'asar ya isa teburin mai shayi. Innata ta shiga ɗakin nan da ciwo a mama, ta ga wanda zai fassara, sai ta ce kanta ke ciwo. Aka ba ta maganin ciwon kai. Ba ta ga daminar gaba ba.

Don haka ranar da na ji ƙullutu a nawa maman ina wanka, na rantse ciwona ba zai bi ta bakin mutumin nan ba.

Rumfata ta atamfa tana jingine da ta wata 'yar Kudu mai sayar da robobi. Na ce ta koya mini Turancin jiki, ni kuma in riƙa yi mata ciniki da mutanen Ƙonni masu zuwa da kuɗin sefa. Ta yi dariya, ta yarda. Ban iya rubutun boko ba, saboda haka takan faɗi kalma ta nuna ma'anarta a jikinta. Dokata ɗaya ce: kalma ba ta zama tawa ba sai na yi aiki da ita a bainar jama'a. Ta ba ni "pain", na dafe ƙugu na jefa wa mai turin baro kalmar. Ta ba ni "swelling", na nuna ƙafar akuyar wani Bafillace, ya ja akuyarsa ya yi gaba yana waiwayena. "Lump" kuwa a tuwon matar ɗana na kama shi, na ɗaga gudajin na kira sunansa da Turanci. Yarinyar ta yi fushi, ni ko a jikina.

'Yan layinmu suka sa mini suna Baturiya. Maigida ma ya ce, "Ke, mi kika nema ga Turanci da hurhura ga kai?"

Na ce, "Malam, in gemu bai hana ilimi ba, hurhura ba ta hana shi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ka zuba mai."

Bakina ne kawai ke da ƙarfi, tsoro kuwa yana cina, don ƙullutun bai tsaya jiran in ƙware ba. 'Yar Kudun ta lura da irin kalmomin da nake nema. Wata rana ta kama hannuna ta ce in daina tara kalmomi in tafi, za ta raka ni ta fassara. Na ƙi. Idan ta koma garinsu fa, in koma hannun wa?

Da na shiga ɗakin likita, tafintan yana zaune ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Hajiya, mi ad damuwa? Hwaɗa min in hwaɗa mai."

"Hita waje."

"To, wa za ya hwassara miki?"

"Ba dai wanda innata tak kalla tac ce kanta ka ciwo ba. Hita!"

Na dubi likita, na nuna mutumin, na nuna ƙofa, na ce, "Out." Likita ya ɗaga masa hannu, ya fita yana ƙunƙuni. Sai na ce, "Lump. Left breast. Hard. No pain." Likita ya ajiye bironsa ya miƙe.

Sakkwato aka tura ni, aka yi aiki aka cire ƙullutun. A gida Malam kaɗai na gaya wa, da bakina. Teburin mai shayi har yau suna cewa sarin atamfa na tafi.

Akwai kalmar da likitocin can suka yi ta maimaitawa suna gyaɗa kai, ban san ta ba. Na riƙe ta a baki har na dawo rumfa, na tambayi malamata, mene ne "early"?

Ta ce, "Da wuri."

Na zauna a kan bandir ɗin atamfa na yi wa innata kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.