Babbar Kyamarar Mubina

Kowa a layinsu ya san Mubina da abu biyu: turara shinkafa da ɗaukar hoto. Na farkon shi ne cinta da shanta. Na biyun kuwa mutane shiririta suke kiransa, kai ka ce su ke ciyar da ita.

'Yar Bunkure ce. Tana gama sakandare aure ya kawo ta Kura, gidan Alamin, makanikin injin casar shinkafa, mutum mai sanyi wanda ko kaza ba ya iya kora da tsawa. Shi ya fara sayo mata waya mai kyamara. Tun daga nan, in ta kai masa abinci gona sai ta tsaya a bakin kanal tana ɗaukar balbela da zalɓe, tuwo na hucewa a kwano, shi kuma yana dariya. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar mata 'ya'ya da gonar noman rani guda, can a ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha. Dangi suka ce ta ba da haya ta huta. Ta ce hannunta bai karye ba.

Ruwan kanal rabo ake yi, wannan ko yaron goye ya sani. Na sama su sha a ranarsu, su cire bututansu, ruwa ya gangaro wa na ƙasa. Ba a datse kanal, ko ɗan waye kai. Akwai ƙungiyar ruwa da ke kula da wannan, shugabanta Malam Dattijo, tsoho mai kirki amma mai mugun tsoron rigima.

A saman gonar Mubina gonar Alhaji Maikuɗi take, dillalin shinkafa. Ya saye gonakin maƙwabta ya haɗe, ya zuba shinkafar rani, ita kuwa shinkafa ba ta ƙoshi da ruwa. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a ta rashin kunya: ya sa a cika buhuna da ƙasa a jera su a cikin kanal, ruwa ya taru ya juya gonarsa. Abin da ke tsallakowa na ƙasa bai isa alwalar mutum ba.

A shekarar Mubina albasa ta dasa. Ta kama, ta yi kore shar, ta fara kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan. Ranar ruwanta ta zo, fangali ya bushe ƙayau. Wata ranar ta sake zuwa, haka. Bakin ganye ya fara ƙonewa. In albasar nan ta tafi, aikin rani ya tafi gaba ɗaya, kuma dangin da suka ce ta ba da haya sun sami abin faɗa.

Ta bi kanal sama har ta hango Alhaji tsaye kan buhunan yana nuna wa leburorinsa da baki. Matsawa kusa ba ta yiwuwa, da sun ga ta ɗaga waya za su tare. Daga nesa ta ɗauka, ta kai wa Malam Dattijo a gindin mangwaron da suke zama.

Dattijo ya kai wayar kusa da ido, ya mai da ita nesa. "'Yar nan, wannan baƙin ɗigon mutum ne ko saniya?"

Aka kira Alhaji. Ya zo yana karkaɗa makullin mota.

"Buhu? Wallahi ni ban taɓa ganin buhu a kanal ɗin nan ba. Kacalla ce ta toshe hanyar ruwa, kowa ya san ciyawar nan." Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Ke kuma, matar marigayi, koma ki ci gaba da ɗaukar tsuntsayenki. Su ne sa'anninki. Noma ba turara shinkafa ba ne."

Maza suka kwashe da dariya, har da waɗanda gonakinsu ke bushewa tare da tata. Ku ji min rashin zuciya! Da aka tura a duba, an riga an kwashe buhunan. Kashegari suka dawo.

Mubina ba ta yi kuka ba. Ta kwance ragon da ta turke don layya ta kai kasuwa, ta kira ƙanwarta Nafisat, suka hau motar Kano.

A wani shago a Sabon Gari, mai shagon, Mudassiru, ya ajiye musu kyamara biyu a kan gilashi, duka na hannu. Ɗaya 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanka. Ɗayar baƙa, ƙatuwa, mai dogon hanci da igiyar ratayawa.

"Hajiya, in don sha'awa ne kawai, ga ƙaramar nan. Ki danna, shi ke nan, ita za ta yi komai. Tana jawo abu daga nesa daidai gwargwado, kuma tana shiga aljihu."

"Babbar fa?"

"Wannan sai da koyo. Idon nan ana cire shi a sa wani, da hannu ake murza shi. Hotonta kuwa, ko gashin gemu sai an ƙirga. Amma tana da nauyi, ba ta son ƙura, kuma duk inda kika shiga da ita an gan ki."

Nafisat ta zungure ta. "Yaya, me kike tunani? Ƙaramar mana. Ki sa ta cikin hijabi, ki wuce ta gabansa kamar za ki gona, ki danna. Wa zai sani?"

Mubina ta ɗauki ƙaramar ta juya. Gaskiya ta shiga ranta. Ta yi daidai da tafin hannunta, kuma da ita za ta iya lallaɓawa kusa da tsuntsu ba tare da ya tashi ba. Ta ajiye. Ta ɗaga babbar, ta kara ido a 'yar tagar, ta murza. Wani mai tura kura can a tsallaken titi ya taso har gabanta, tana ganin zufar goshinsa. Kafin ta sauke, wasu 'yan kasuwa da ke cin gyaɗa a bakin shago sun miƙe, wannan ya gyara hula, wancan ya kakkaɓe riga, suna kallonta suna murmushi.

Ta daɗe tana kallon su.

"Nafisat, in na ɓoye na ɗauka, me zai ce?"

"Me kuwa zai ce?"

"Zai ce ba shi ba ne. In kuma ya fito sosai, zai ce ga bazawara tana bin maza tana satar hotonsu. A bar maganar ruwa a koma maganata. Ni ce ɓarauniyar da zan ɓuya? Malam, sa min babbar a jaka."

"Yaya, wannan abin kamar turmi? Wallahi wuyanki zai faɗa miki."

"Ya faɗa."

Abin da ta gani a bakin shagon ta daɗe da saninsa a gida. A yankin nan babbar kyamara ba ta zuwa a banza. Ko dai masu rabon taki da injin ban ruwa ne suka zo ɗaukar manoma, ko masu hoton biki, ko masu buga fasta. Don haka waya ake gudu, ita kuwa babba gyara mata tsayuwa ake yi. Babu namijin da zai gan ta bai taɓa hularsa ba.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Hotunan farko wasu fari fat, wasu baƙi ƙirin, wani kuma rabin akuya. Wuyan ma ya faɗa mata, kamar yadda Nafisat ta ce. Amma ta nace. Da safe ta sauke tukunyar shinkafa ta shanya, ta rataya abarta ta fita. Ta ɗauki masu tsinkar tumatur, ta ɗauki Inno mai nono da ƙwaryarta, ta ɗauki layin babura ranar kasuwar Bunkure. Wanda ya yi kyau ta wanko ta miƙa wa mai shi kyauta. Kafin wani lokaci hotunanta sun hau bangon shaguna, masu cewa shiririta sun koma cewa, "Mubina, ni yaushe?"

Gonar Alhaji kuwa ko kallonta ba ta yi. Ta wuce ta gefe, kyamara na lilo a ƙirji, ta gaishe shi da ladabi ta yi gaba.

Albasa ba ta san wannan dabarar ba. Ta fangalin can ƙarshe ta kwanta, ganye ya zama kamar tsumma. Da yamma ita da 'ya'yanta suke jido ruwa a jarka daga wani kududdufi suna ceton na kusa. Nafisat ta zo ta gani ta riƙe baki.

"Kin sayar da rago, kin sayo kaya, kina yawo kina ɗaukar masu tumatur! Da ƙaramar ce da tuni an gama. Je ki ɗauke shi mana!"

"Ba zan je ba. Shi zai kira ni."

"In bai kira ba fa?"

Mubina ta dubi albasar da ta mutu. Ita ma tambayar tana cin ta.

Sai ga labari: Malam Dattijo zai sauka daga shugabancin ƙungiya, ya ce gwiwa ta hana shi bin kanal. Wa zai fito nema? Alhaji Maikuɗi. Ɓarawon ruwa zai zama mai rabon ruwa, kuma babu wanda ya buɗe baki.

Wata safiya tana wucewa ta ji an ƙwala mata kira.

"Ke! Mai hoto! Zo nan."

Yana sanye da farar shadda, hula ta sha kari, takalmi na ƙyalli, a tsakiyar taɓo.

"Ranka ya daɗe, ni?"

"Da wa? An ce abin naki yana fitar da mutum. Fasta zan buga. Ina so a ga ni manomi ne na gaske, a ga shinkafata a baya. Za ki iya, ko sai tsuntsu?"

"Zan gwada, Alhaji. Amma nan ka yi ƙasa, shinkafar ta rufe ka. Da akwai wuri mai ɗan tudu..."

Ya waiga. Wurin da ya fi tudu a gonar duka shi ne bakin kanal, kan datsiyar da ya yi. Ya daɗe yana hawa wurin har ya daina ganin sa. Ya tattare riga ya haye.

"Yauwa, ranka ya daɗe. Ɗan ɗora ƙafa ɗaya sama, irin ta masu gona. Ɗaga haɓa. Kai, ma sha Allah, kamar gwamna."

Ya ɗora ƙafa a kan buhu, ya riƙe ƙugu, ya washe baki. Mubina ta ɗaga kyamara. Ba ta jawo fuskarsa kusa ba. Ta murza idon baya har komai ya shigo: shi, da shinkafar kore shar, da ruwa maƙil a damansa, da busasshen kanal a hagunsa, da buhunan a ƙarƙashin takalminsa, kowanne da jan fentin da yake yi wa buhunansa alama a kasuwa. Ta danna, ta sake dannawa.

Ta wanko babba ta aika masa. Mutumin nan ya dubi hoton bai ga komai ba sai kansa. Da hannunsa ya kai aka buga, da bakinsa ya sa aka manna a tasha, a ƙofar injin casa, har a jikin mangwaron ƙungiya.

Ranar zaɓe manoma suka cika gindin mangwaro. Alhaji ya tashi ya yi jawabi kan adalci da amana. Yana zama Mubina ta fito daga bayan taro, kyamara a wuya.

"Baba Dattijo, ina da tambaya."

"'Yar nan, yau ba ranar ƙara ba ce."

"Ba ƙara ba ce. Rannan ka tambaye ni mutum ne ko saniya. Ga shi a bayanka, a duba min." Ta nuna fastar da ke jikin bishiya. "Alhaji ya rantse bai taɓa ganin buhu a kanal ba. To a kan me yake tsaye? Kacalla ce mai jan fenti?"

Kowa ya juya ga fastar. Wani tsoho mai suna Hammadu, wanda tumatur ɗinsa ya ƙone tun farkon rani, ya matsa ya sa yatsa a kan hoton. "La ilaha illallahu. Ga kanal ɗinmu a bushe. Kullum ina wucewa ta gaban fastar nan!"

"Haɗi ne!" in ji Alhaji. "Yanzu ana haɗa hoto!"

"Kai ka kai aka buga, ranka ya daɗe. Ni ko guda ɗaya ban manna ba."

Wuri ya kaure. Waɗanda suka yi mata dariya rannan su ne suka fi kowa ɗaga murya. Malam Dattijo ya yi ta ɗaga hannu, daga ƙarshe ya ce a yi haƙuri, za a sa leburori su kwashe buhunan, magana ta wuce.

"Leburori ba su yi rantsuwa ba," in ji Mubina. "Wanda ya hau, shi zai sauke."

Hammadu ya ce haka ne. Na ƙarshen kanal duka suka ce haka ne. Aka ɗunguma har bakin datsiya. Alhaji Maikuɗi ya cire takalmi, ya shiga ruwa da shaddarsa, yana jan buhu yana nishi, taɓo har gemu. Ya ɗago ya ga dogon hancin kyamarar nan na kallonsa.

"Haba Hajiya Mubina, don Allah kar ki ɗauka."

Yau ta zama Hajiya. Ta ɗauka.

Ba ta tsaya ganin wanda aka zaɓa ba, ta san dai ba shi ba ne. Ta bi ruwan da ƙafa, yana gaba tana biye, har gonarta. Ta ajiye kyamara a kan jaka, ta ɗauki fartanya ta fasa bakin fangali ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa na sha tana ƙara. Fiye da rabin albasar na da sauran rai, kuma ta tashi.

Na can ƙarshe da suka mutu, 'ya'yanta suka ce a kafce a zuba ko alayyahu ne, tunda ga ruwa. Ta ce kada wanda ya taɓa. Suna bakin hanyar da Alhaji ke bi zuwa gonarsa safe da yamma, kuma a nan ta bar su a bushe har damina ta sauka.