Ranar Yankan Gandun Magaji

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida da rabi matata Saratu ta ɗumama tuwo, ta ce in daina karatu a kan abinci. Inna tana bakin ɗakinta tana shafa wa gwiwoyinta man zafi. Yayana Garba yana wasa laujensa a dutse.

Garba dakaren Magajin Kwarzagi ne. Tsarin ƙasarmu, wanda na daɗe ina koya wa 'yan aji shida, ba shi da wuya: ƙasa ta Magaji ce, gonaki aro ne, kowane gida kuma zai ba da namiji ɗaya ya riƙe bindiga. Rana ɗaya a shekara dakarun sukan kulle bindigoginsu a zauren fada, su tafi yankan shinkafar gandun Magaji. Nakan ce wa yara wannan alamar zaman lafiya ce. Har a jarrabawa na sa. Ranar kuwa ba sirri ba ce, a kasuwa ake shelarta.

Ƙarfe tara da kwata ina rubutu a allo na ji babura daga gabas. Suna da yawa, ba mai yin oda. Sai harbi.

Na ce wa yara, "Ta taga! Kowa ta taga!" Na riƙe hannun 'yata Bilki.

Tara da rabi motar Magaji ta fice ta ƙofar yamma. Gwamnatin Kwarzagi ke nan gaba ɗaya, a mota ɗaya, har da sauran wuri.

Dakaru suka iso daga gandu a guje, laka har gwiwa, lauje a hannu. Makullin zauren yana wuyan Sarkin Yaƙi, shi kuwa an riga an harbe shi a cikin shinkafa. Ƙofar ta ƙarfe ce. Magaji ya sha nuna wa baƙi ita. Na ga Garba da mutum biyar suna dukanta da turmi. Ya hango ni na nufi unguwarmu.

"Malam, ba gida ba! Rafi!"

Babura suka kewayo ta bayan masallaci. Aka buɗe wa su Garba wuta a jikin ƙofar. Ina jin harsashi yana ƙara a kan ƙarfe bayan mutanen sun zube.

Na ja Bilki muka shiga rafi, ruwa iya wuya. Sha ɗaya hayaƙi ya tashi daga unguwarmu. Ba a kira azahar ba. Da la'asar ta yi sanyi muka haye, muka yi tafiyar kwana uku a ƙasa.

A hanya wata maƙwabciya ta gaya mini Saratu ta fito har ƙofar gida, ta koma. Inna ba ta iya tafiya.

Yanzu muna Makka, a unguwar Jarwal. Umra muka zo, muka zauna, ba iƙama, wato takardar zama. Bilki takan amsa mini da Larabci. Ni kuma tura arabiyya nake yi, keken tsofaffi masu ɗawafi. Yawancinsu sa'o'in Inna ne, kuma ba su da nauyi ko kaɗan.

Zagaye bakwai ne, kuma bai kamata mai tura keke ya rikice ba. Na farko nakan ce Garba. Na biyu Inna. Na uku Saratu. Sauran huɗun da lamba nake ƙirga su.