Na Kai Minti Tamale Cikin Kwandon Kifi

Salaga, kafin asuba

Ladan bai kira assalatu ba na riga na goya ɗana Abdul, na ɗaure bakin kwandon kifi da tsohon zane, na tsaya a tsakar gida ina sauraron ko abin da ke ciki yana numfashi. Minti ce a ciki, kyanwar 'yata Rahama. Ku matan unguwarmu da kuke tare ni a bakin famfo kuna tambaya wai da gaske na yi Tamale saboda kyanwa, da gaske ne, ga kuma yadda aka yi.

Wanda bai san Rahama ba zai ce na zautu. Yarinyar nan ta wuce shekara uku ba ta ce uffan ba. Mun je asibiti, an yi mata rubutu ta sha. Ranar da bakinta ya buɗe, da kyanwar nan ta fara magana. Yanzu shekararta biyar, amma har yau in kina son jin muryarta sosai sai ki laɓe a bayan ƙofa lokacin da take ba Minti labari. Da mu mutane, kalma ɗaya ce ko biyu.

To Minti ta fara naƙuda, ta haifi ɗaya ba rai, sauran suka tsaya. Ciki ya kumbura, ta daina ci, Rahama ma ta ture kwanonta. Na kira jami'in dabbobi na garinmu, yana can daji wajen allurar shanu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wannan aikin wuƙa ne, ni ba ni da kayansa. In za ki iya, Tamale." Na kira Baban Rahama a Kumasi. Da na gama bayani ya ce, "Sadiya, kyanwa fa?" Na ce, "Rahama ba ta ci komai ba tun jiya." Ya turo abin da ya samu ta momo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, na haɗa da na cinikin kokona. Surukata Hajiya ta ce, "Ki tafi kafin ta farka, ni zan riƙe ta."

Tasha

Motar farko ta kusa cika. An ɗaure awaki biyu a sama, zabbi suna ƙarƙashin kujera. Direba ya miƙa hannu zai karɓi kwandona, sai Minti ta yi wani ɗan kuka. Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Amarya, mece ce wannan?"

"Kyanwa ce, ba ta da lafiya."

"A motata? A'a. Kyanwa ba ta shiga mota. Ko taya ta fashe ko mu kwana a daji."

"Mai gida, ga awaki ka ɗauka."

"Akuya daban. Ko kuɗin mutum biyu za ki biya, ba ni so."

Wata tsohuwa daga ciki ta leƙo ta ce da ma ban faɗa ba, da na ce kifi ne. Ni kuwa da goyo a baya ba zan hau mota da ƙarya ba, in wani abu ya faru fa? Suka tafi suka bar ni.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai motar doya, Mba Alhassan, Badagombe. Yana shan shayi ya ga duk abin da aka yi. Ya ce, "Kawo ta. Wannan motar tawa ko ba kyanwa lalacewa take yi." Ya share mini gaba, ya sa kwandon tsakanin ƙafafuna, ya ƙi karɓar fiye da kuɗin mutum ɗaya.

Hanya

Gari ya waye mana a hanya. Duk ramin da muka faɗa sai na zura yatsa ta ƙasan zane in taɓa haƙarƙarinta. Mba Alhassan ya lura, sai ya riƙa rage gudu tun daga nesa. A Kpalbe ya tsaya ya zuba wa motar ruwa, ya sayo ƙosai a takarda ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ba ke na saya wa ba, na bayanki na saya wa, ta jikinki zai ci."

A shingen 'yan sanda wani ya leƙo ya nuna kwandon. Na ɗaga zanen. Ya kalla, ya kira ɗan'uwansa, "Zo ka ga mara lafiya an yi mata gaban mota!" Suka yi dariya, amma shi ne ya ɗaga sandar da sauri ya ce mu wuce kar rana ta yi mata.

Tamale

Rabona da Tamale tun ina budurwa. Abin da ya fara kama mini ido mata ne a kan babur. Wata da hijabi har ƙasa, yaro a gaba, yaro a baya, buhun shinkafa a ɗaure, tana tafiya abinta kamar a tsakar ɗakinta take zaune. Ƙanwar mahaifiyata, Anti Memuna, mai sayar da atamfa, ita ma a kan nata ta zo ɗaukata. Na hau baya, Abdul a bayana, kwando a cinya, idona a rufe rabin hanya.

Ta fara kai ni bakin kasuwa wajen wani mai maganin dabbobi da ta sani. Shagonsa cike da kwalabe, Fulani suna ta saye. Mutumin kirki ne, ya ba mu benci. Ina cikin bayani ya ce ya gane, allura ɗaya ce irin ta awaki, yanzu za ta zubo su, kuɗin ma bai kai na kwanon tuwo biyu ba. Raina ya so, don arha ce. Amma na ga ya riga ya zuƙi maganin a sirinji, kwandon kuwa ko kwance shi bai yi ba. Na tuna unguwarzomar da ta karɓi haihuwar Abdul, ba ta taɓa ba ni ko ƙwaya ba sai ta shafa cikina tukuna. Na rungume kwandona na ce bari mu je mu dawo.

A waje Anti ta ce, "Ke da tsoronki! Tun kina ƙarama haka kike." Na ce, "Anti, bai duba ta ba." Ta harare ni, ta tada babur.

Kalpohin

A wannan unguwa ta Tamale muka ga asibitin dabbobi da ya fi ɗakin haihuwar da na kwanta kyau. Tayil har bango, sanyi kamar cikin firij. Wani kare mai gashi kamar tunkiya yana zaune a kan kujera, mai shi na tsaye. Ni da silifas ɗina mai ƙura na ji kunyar taka wurin, amma saurayin da ke tebur ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Mma," ya ba mu ruwa. Ya duba Minti sosai, ya ce aiki za a yi, da hoto, da gwajin jini, da kwana uku a wajensu. Da ya faɗi kuɗin, Anti ta ce, "La ilaha! Da wannan ai sai in yi sarin atamfa."

Bai ji haushi ba. Ya ce su haka tsarinsu yake, ba shi da ikon ragewa, amma akwai wata likita a unguwar Gurugu, a nan ta taɓa aiki kafin ta buɗe nata, hannunta yana da kyau. Ya fito har bakin titi ya kwatanta wa Anti hanya, ya ce mu yi sauri, kyanwar ba ta da lokaci.

Gurugu

Ɗaki biyu ne a bayan wani shagon tela. Likitar sunanta Dokta Akosua, Kirista ce 'yar kudu, gajeruwa, da takalmin roba don daga duba tumakin wani ta dawo. Hausarta ta kasuwa ce, ni ma "kai" take ce mini, Minti ma "shi".

Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta ɗauko allura ba. Ta wanke hannu, ta kwance zanen a hankali, ta ɗaga leɓen Minti ta kalli dasashi, ta shafa cikin, ta sunkuya ta sansana. Ta tambayi yaushe ta fara, me ta ci, na ba ta wani magani? Na ce Hajiya ta so a ba ta farasitamol ɗin yara, na ji tsoro ban ba ta ba. Ta ɗago ta ce, "Tsoronka ya yi kyau. Wannan magani yana kashe kyanwa." Na kalli Anti. Anti ta kalli silin.

Sannan ta jawo kujera ta zauna dab da ni. Ta ce 'ya'yan sun mutu a ciki, mahaifar ta fara ruɓa, sai an cire duka, Minti ba za ta ƙara haihuwa ba. Ta ce, "Zan faɗa maka gaskiya. Ya gaji sosai. Zai iya mutuwa a tebur, kuma ko ya mutu maganin barci da zare an riga an kashe, sai ka biya. Ka yi tunani."

Ta faɗi kuɗin kashi-kashi. Aikin da maganin ciwo da na kashe ƙwayar cuta, waɗannan dole yau. Hoto ba sai an yi ba, hannunta ya ji abin da ke ciki. Kwana a wajenta kuɗi ne, in muna da ɗaki mai tsabta mu kwana da ita a gida mu dawo da safe ta duba kyauta. Allurar haukan kare mu jira ta warke, jami'in garinmu zai yi mata da arha, shi ne ma zai cire zaren. Duk da haka abin da ya rage ya cinye kusan duk abin da na ƙullo.

Na fita waje na tsaya ina jijjiga Abdul, ko kuka ba ya yi. In ta mutu, na koma ba kyanwa ba jarin koko. In na ɗauke ta na tafi, a hanya za ta mutu, in je in ce wa Rahama me? Anti ta biyo ni, ta gyara mini goyo, ta ce, "Kuɗin mota ni zan ba ki. Shiga ki ce ta yi."

Muka yi azahar a shagon telan. Ban san me na karanta ba. La'asar ta kusa sai ƙofa ta buɗe, Dokta ta fito tana cire safar hannu ta ce, "Kyanwarka mai taurin kai ne. Zo ka gani." Minti tana kwance a kan tawul, an aske cikin, ɗinki a jere kamar na tela, kunnenta ɗaya yana motsi. Na durƙusa a ƙasa. Dokta ta ce, "Kai, tashi, ni ba sarki ba ne."

Ta ce akwai wata roba da ake sa musu a wuya kar su lashe ciwo, amma tana da tsada. Ta kalli Abdul ta ce, "Yana da tsohon singileti?" Na ciro ɗaya daga jaka. Ta huda wurin ƙafafu da almakashi, ta sa wa Minti, ta ɗaure a baya. Ya zauna mata daidai.

Jisonayili

Gidan Anti sabuwar unguwa ce, gidaje rabi an gama rabi bulo. Ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, a nan na tuna ƙosan Kpalbe ne kaɗai a cikina. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin kyanwa mai singileti. Da magariba Minti ta ɗago kai ta lashi ruwa a murfin kwalba. Na kira Hajiya. Ta ce Rahama tana zaune a inda kwandon yake zama, ba ta ce komai ba yini guda, koko ma cokali biyu ta sha.

Da safe Dokta ta duba ciwon, ta nuna mini yadda zan buɗe bakin in ɗiga magani ta gefe, ta sa na yi a gabanta har sau biyu. Ta ba ni lambarta ta ce in na ga kumburi ko wari in kira, kira ba kuɗi.

Komawa

Anti ta yi ciniki da wani direba a tasha kafin in iso, ban san me ta faɗa masa ba, na dai ga ya kalli kwandon ya yi addu'a ya ce in shiga. Mun iso Salaga rana ta karkata.

Rahama tana bakin ƙofa. Ba ta rugo ba. Na ajiye kwandon a gabanta na kwance zanen. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa ɗaya ta taɓa kan Minti. Minti ta lumshe ido.

"'Ya'ya?" in ji ta.

Na tsuguna. Hajiya tana yi mini alama da ido in ce suna Tamale. Na ce, "Sun mutu, Rahama. Kuma ba za ta ƙara haihuwa ba. Amma ita ta dawo."

Ta yi shiru. Shirun nan na san shi, shekara uku na zauna da shi. Na ciro kwalbar magani don hannuna ya sami abin yi. Sai ta riƙe mini wuyan hannu, ta ɗago ta kalle ni, ni, cikin ido.

"Mma, ke riƙe ta. Ni zan ba ta. Ki nuna mini yadda ake yi, kar in zubar."

Hajiya ta juya baya tana goge fuska da gyale. Na riƙe Minti, na nuna mata gefen bakin. Ba ta zubar ba. Bayan nan ta ce tana jin yunwa.

Allah Ya saka wa Mba Alhassan da motarsa, da saurayin Kalpohin da ya nuna mana ƙofar wani, da Anti Memuna, da Dokta Akosua da ta duba kafin ta taɓa allura. Koko kuwa ku yi haƙuri, sai mako mai zuwa zan ɗora tukunya.