Baba Isuhu da jaririyarsa mai ido ɗaya

Baba Isuhu Mai Hoto ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugunne ina cajin batir, ko karyawa ban yi ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babban ɗansa, Yaya Sanusi, shi ya kira ni. Wai bayan ya dawo masallaci ya ce kansa na sarawa, ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Ni kuma sai cewa nake "wane Baban?" kamar ina da wani.

Waɗanda ba ku san shi ba, shi ne tsohon nan mai ɗan shagon hoto a bakin kasuwar Daura. Shi ya koya min sana'ar nan da kuke gani ina watso muku hotunan amare. Kuma shi ne sanadin jakar nan da kuke ta min tsiya a kanta a kwament. E, ruwan hodar nan mai zanen 'yan agwagi.

Ba zan ɓoye muku ba, da na gama kuka na ɗaga kai, jakar na fara gani a rataye. Kyamarar da ke ciki ba tawa ba ce. Aronta ya ba ni. Yanzu mai ita ya rasu, ta zama kayan gado, ta marayu ce. Ga shi ba ni da wata, ga bikin da na karɓa a Dutsi ranar Asabar.

Bari dai in faro muku daga farko.

Da waya na fara ɗaukar hoto a gidajen biki, inda maza ba sa shiga. Ina kai masa yana wanke min. Wata rana ya daɗe yana kallon hoton wata amarya, sai ya ce, "Ke idonki na gani. Wayarki ce makauniya."

Ya buɗe kabad ya ciro wata kyamara, a naɗe cikin tsohon rawani.

Ya ce, "Yaye na kawo miki. Kin san dai yadda ake yi. In aka kai yarinya yaye gidan kaka ta rame ko ta ji ciwo, uwarta zuwa take ta ɗauke abarta."

Na ce, "Baba, yanzu ni ce kakar?"

Ya ce, "Ke ce. Ni ne uwar."

Tun daga ranar sunanta Jaririya.

To sai maganar jaka. Kun san ni da waya, kafin in isa gida na gama zaɓa. Wata baƙa na gani a onlayin, mai aljihu kamar me, da hoton kyamara ɓaro-ɓaro a gabanta. Har na hango kaina ina saukowa daga mashin da ita, mutane na cewa ga 'yar jarida ta iso.

Washegari na nuna masa. Ya gyara tabarau ya kalla, ya miƙo min wayata.

"Wannan ai shela ce. Kin rubuta wa ɓarawo abin da ke ciki, saura ki ƙara masa da lambar gidanku. Tashi mu je."

Na ɗauka wajen masu jakunkunan tafiya za mu. Muka wuce su. Muka wuce masu na makaranta. Sai ga mu tsaye a rumfar kayan jarirai.

Mai rumfar ya washe baki, "A'a, Baba, ƙaruwa aka samu?"

Baba ko murmushi bai yi ba. "An samu. Mace ce. Baƙa, ido ɗaya."

Bawan Allah ya rasa ko barka zai yi ko jaje. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, budurwa da ni a rumfar masu jego.

A nan ya koya min zaɓen jaka, kuma wallahi har yau ban ji wanda ya fi shi ba, duk bidiyon da nake kallo. Ya sa hannu ciki ya ce in taɓa, leda ce aka shimfiɗa saboda fitsarin jariri, to abin da ya tare fitsari zai tare ruwan sama. Aljihun gefe da ake sa fida, nan ya zura gilashin kyamara, ya zauna daram kamar an auna. Wajen kunzugu ya zama na batir da caja. Ya ce in ja zif ɗin da hannu ɗaya, don amarya ba za ta tsaya jira ina kokawa da jaka ba. Igiyar ratayawa kuma lallai mai faɗi, in ba haka ba kafin in kai garin Sandamu kafaɗata ta gaya min.

Da muka koma shago ya yanko soson tsohuwar katifa, ya yi wa kowane kaya ɗakinsa. Ya zuge, ya ce, "Girgiza."

Na girgiza. Shiru.

"Yauwa. Jakar da ta yi magana in an girgiza ta, ba ta yi ba. Kuma a kan mashin a gaba ake rungume ta. Wannan jaririyar ba a goya ta."

Na sha kunya da jakar nan, jama'a. A tasha, tsofaffi su ce "ina ɗan baƙon?" A gidan biki a matsa min wajen zama a ce mai jego ta huta. Har kunu an taɓa dama min a Sandamu. Na shanye abina, me zan ce?

Amma ranar da na je aiki garin Mashi na daina jin kunyarta.

Damina ce, muna kan mashin za mu wani ƙauye bayan gari, ruwa ya sauko babu sallama. Muka zo wani kwari, taya ta zame, sai ga ni a kwance cikin taɓo, na ƙanƙame jaka a ƙirji. Wasu mata da suka fake a ƙarƙashin bishiya suka sheƙo a guje suna "jaririn, jaririn". Wata tsohuwa ta fizge jakar tana min faɗa, wai 'yan zamani ba mu da imani, ya za a zuge ɗa a jaka kamar kayan miya.

Ta buɗe a hankali tana bismillah. Ido ɗaya ya leƙo ta.

Ba ɗigon ruwa a jikinta, ba ƙwarzane. Ni ce dai gwiwata ta ɗaye.

Na kira Baba, na ce mun faɗi. Na san hukuncina, jira kawai nake ya ce in dawo masa da 'yarsa. Sai na ji ya ce, "Ke kin ji ciwo?" Sai da ya tabbatar ina iya takawa, ya sa na miƙa wa mai mashin waya ya ja masa kunne, sannan can ƙasa-ƙasa ya ce, "Ita fa?"

Haka yake. In na dawo daga tafiya, kafin ya duba hoto sai ya tambaya ko na ci abinci. Hoton da na ɓata kuwa ba ya faɗa a gaban mutane, sai shago ya watse ya ce, "Wannan amaryar kin yanke mata goshi, me ta yi miki?"

Ganinmu na ƙarshe, Juma'ar da ta wuce ne. Zif ɗin jakar ya ɓalle, na je da murnata, na ce to yanzu kam dole a sayi baƙar nan. Har ranar hotonta na cikin wayata, ban taɓa gogewa ba.

Ya ce, "Har yanzu ba ki haƙura da shelar nan ba?"

Ya ɗauko filaya ya matse kan zif ɗin, ya goga masa kyandir, ya koma kamar sabo. Ya ciro Jaririya ya goge ta da bakin rigarsa, ya juya ta ya sake juyawa. Yaya Sanusi na zaune, da telan da ke maƙwabtaka da shi. Sai ya ce musu, "Ku dubi 'yar nan. Ta yi ƙiba a gidan kaka, ta manta da ni. Wa zai raba su kuma? Sanusi, ka ji ko?"

Yaya Sanusi ya ce ya ji. Ni dariya kawai na yi, na ɗauka tsokanar da ya saba ce. Ya ce in tsaya a bakin ƙofa, "ɗaga haɓa kaɗan", ya ɗauke ni. Shi ne hoton da na sa a sama, ni da 'yan agwagina.

Ɗazu bayan an kai shi, na shiga wajen matarsa, Inna Hansai, da jakar a hannu. Tun a hanya na gama shawara, abin marayu ba na wasa ba ne. Masu bikin Dutsi in ba su haƙuri, in koma wayata.

Ina shiga wata baƙuwa daga ƙauye ta matsa min, ta ce, "Zauna nan 'yata, ina kika baro yaron?" Inna Hansai tana hawaye sai da ta yi dariya.

Na ajiye jakar a gabanta na ce, "Inna, ga amanar Baba."

Ta sa aka kira Yaya Sanusi. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ranar Juma'a ba a gabanki ya faɗa ba? Ya dawo gida ma ya maimaita, Inna na nan. Ya ba ki ita halak malak. Ba ta cikin gado."

Inna ta turo min jakar da hannunta. "Ɗauki 'yarki, mai jego. Yaye ya ƙare."

Nan ne fa na yi kukan da ya fi na safe.

Asabar in Allah ya kai mu za ni Dutsi, da jakata ruwan hoda a rungume a gaba. Baƙar kuma na goge ta daga wayata kafin in fara wannan rubutun. Ku ci gaba da tsiyarku a kwament, na yafe.

Allah ya jiƙan Baba Isuhu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa min asiri, Allah ya rufa wa iyalansa, ya ba Inna Hansai haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai sa shi a addu'a ba. Musamman ku 'yan Daura da ya taɓa ce wa ku ɗaga haɓa kaɗan.